Yaron Ya Cika

Injiniya tana duƙe a kan teburin shagonta, ƙarfen narka dalma a hannun dama, tabarau a kan karan hanci, sai wayarta ta hau ruri a aljihun tebur. Ba ta saba ɗaukar waya tana tsakiyar aiki ba, amma ranar tun safe hankalinta na kanta, don an kai matar ƙanenta Auta asibiti da naƙuda. Ta duba, ta ga Gwaggo ce, ƙanwar babansu da ke zaune da shi tun bayan rasuwar mahaifiyarsu.

"Gwaggo, an sauka?"

Kuka ne ya fara amsa mata. Da ƙyar maganar ta fito.

"An sauka, 'yar nan, amma yaron ya koma. Ya cika. Wannan ma Allah bai bar mana shi ba."

Injiniya ba ta san ta saki ƙarfen ba sai da ta ji ƙaurin roba, ya faɗa kan murfin rediyon wani mutum yana cinye shi. Ta fizge wayar wutar daga bango.

"Wa ya gaya miki? Auta ya kira?"

"Akwatin nan naki ne ya kawo. Babanku ya karanta da bakinsa, har sau uku, sannan ya zauna a ƙasa. Ni ban taɓa ganin Yaya ya zauna a ƙasa haka ba."

Akwatin da Gwaggo ke nufi Injiniya ce ta haɗa shi da hannunta. Baba ya yi shekaru yana aiki a tsakiyar injunan masaƙa, har ƙararsu ta tafi da kunnuwansa. Waya kuwa ba ta karɓe shi ba: rubutunta ƙanana, idan ya taɓa nan sai can ya buɗe. Shi ya sa ta samo ɗan allon na'ura wanda bai kai tafin hannu ba, ta haɗa shi da ƙaramin gilashi mai layi biyu, irin wanda ake gani a jikin sikeli ko injin janareta, ta sa su a akwatin katako da fitila ja a sama. Duk ɗan gidan da ya tura saƙo ta intanet, fitilar ta yi ta ƙyafta ido, rubutu ya fito manya-manya. Baba ya ɗora akwatin a kan kabad kusa da kujerarsa, duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa, yana cewa da muryar nan tasa mai ƙarfi ta wanda ba ya jin kansa, "Aikin uwata ne." Ita ma ta yarda da akwatin kamar yadda ta yarda da hannunta. Saboda haka ko kaɗan ba ta yi shakka ba.

Ta kira Auta, wayarsa a kashe. Ta sake kira, a kashe. Telan da ke shagon kusa ya leƙo, ya ga fuskarta, bai tambayi komai ba ya ce, "Tafi kawai, ni zan rufe miki." Ta tari tasi a bakin titi.

A motar ta rasa abin da za ta yi da hannayenta. Matar Auta malamar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata. Sun daɗe suna nema kafin ta samu cikin farko, wancan kuma bai zo da rai ba. Wannan karon gidan kowa a tsorace yake, ko kayan jarirai ba a yarda an saya ba sai da wata ya tsaya. Injiniya ta tuna wata 'yar hula ruwan ɗorawa da ta ɓoye a jakarta tun makon jiya, ta laluba ta taɓa ta, sai hawayen suka balle. Direban ya dube ta ta madubi, ya rage rediyo.

A barandar ɗakin haihuwa ta hango Auta zaune a kan benci, kofin shayi a hannu, yana ba wani mai goge ƙasa labari yana ƙyalƙyala dariya har da buga ƙafa. Ta tsaya cak. Ta taɓa jin cewa baƙin ciki kan juya wa mutum kai, amma ba ta taɓa gani ba. Ta matsa a hankali, ta durƙusa gabansa, ta riƙe hannunsa.

"Auta, sai haƙuri. Allah ya ba ka juriya."

Dariyar ta mutu a fuskarsa. Ya dubi idanunta da suka kumbura, ya dubi ƙofar ɗakin, ya sake dubanta.

"Yaya, me ya faru? Me suka gaya miki? Malama ce?"

Kafin ta buɗe baki kofin ya tarwatse a ƙasa. Ya banke ƙofar ya shiga da gudu, nas na bin sa tana cewa maza ba sa shiga yanzu. Injiniya ta bi bayansu.

Malama na kwance a gadon ƙarshe, an ɗaura mata ƙarin ruwa, idonta biyu, mahaifiyarta na mata fifita. Auta ya faɗa kan gefen gadon yana taɓa fuskarta yana kiran sunan Allah. A ɗan gadon ƙarfe da ke gefe kuwa wani jariri ne kwance, kumatu kamar an hura, wuya ninki-ninki. Hayaniyar ta tashe shi, ya dunƙule hannu ya tsala wata ƙara da ta sa duk matan ɗakin suka juyo.

Injiniya ta dafa bango.

"Wannan na waye?"

"Na waye kuma?" in ji mahaifiyar Malama. "Naku mana. Ke lafiyarki kuwa?"

"Amma an ce ya cika."

Tsohuwar ta ajiye mafici, ta miƙe tsaye.

"Wa ya cika? Wane mai baƙin bakin ne ya faɗi haka?"

Injiniya ta juya ga ƙanenta. "Me ka tura wa Baba?"

"Albishir na tura masa! Ina turawa waya ta mutu, tun asuba ba caji."

Nas ɗin, wadda yanzu ita ma son jin ƙarshen zancen ya kama ta, ta zaro caja daga aljihunta. Aka jona. Wayar na farfaɗowa ta hau rawa a hannun Auta ba ƙaƙƙautawa, saƙonni na shigowa kan saƙonni: Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya ba da na aike, mun ji abin da ya faru. Abokan aikinsa, makwabta, har mai gidan da suke haya. Yana karantawa bakinsa na buɗe. Injiniya ta karɓe wayar ta nemo saƙon da ya tura wa akwatin. Ga shi nan, cikakke:

"Ta haihu. Yaron ya cika ƙiba, sai da aka yi mata aiki. Duk suna lafiya."

Ta karanta, ta sake karantawa, idonta ya tsaya a kan harafi ɗaya. Ƙ ce mai lanƙwasa a ka. Duk 'yan gidansu k zalla suke bugawa a waya, da d da b, mai karatu ya gane da kansa. A duk watannin da akwatin ya yi yana aiki ba ta taɓa ganin wani ya tura masa harafi mai ƙugiya ba.

"Yaushe ka fara rubuta wannan harafin?"

"Malama ce ta sa min sababbin haruffa a waya shekaranjiya. Ta ce ta gaji da ganin ina rubuta mata kashi a wurin ƙashi."

Injiniya ta tuna lokacin da take gwada akwatin a shago, wasu tarkacen alamomi kan biyo bayan saƙo, suna ɓata gilashin. Don ta huta, sai ta rubuta wa na'urar umarni guda: duk inda kika ci karo da abin da ba ki sani ba, saƙo ya ƙare, ki tsaya nan. Na'urar kuwa ta bi umarni. Ta zo kan ƙ, ba ta san ta ba, ta tsaya. Abin da Baba ya gani a layi biyun shi ne: Ta haihu. Yaron ya cika.

"Ni ce," ta ce, muryarta can ƙasa. "Akwatina ne ya yanke maganar."

Malama ta miƙa hannun da babu allura, ta jawo ɗan gadon jaririn kusa da ita, ta juya fuskarta bango.

Injiniya ta fita baranda ta kira Gwaggo. Ta ji gidan cike da muryoyin mata. Sai da ta maimaita sau biyu cewa yaron yana da rai kafin Gwaggo ta gane, sannan ta saki wata kururuwa da ba a san ta murna ce ko ta tsoro ba.

"Da ransa? Kin gan shi da idonki?"

"Ga kukansa nan, saurara. Gwaggo, rubuta wa Baba a takarda, ko ki sa wani ya rubuta."

"Ai babanku ba ya nan."

"Ina ya je?"

"Maƙabarta. Ya ce wancan karon wasu ne suka haƙa, bai ma san wurin ba sai daga baya. Wannan da kansa zai tsaya. Makwabci ya bi shi."

Makwabcin bai ɗauki waya ba. Injiniya ta koma ɗakin da sauri, ta ɗauki hoton jaririn, wanda ya riga ya koma barci. Har ta kai ƙofa ta dawo, ta roƙi nas ta ɗan taɓa masa tafin ƙafa. Ya motsa, ya yamutsa fuska, ya ɓarke da kuka, ta ɗauke shi a bidiyo. Mahaifiyar Malama na kallonta kamar ta kai mata duka.

Rana ta take sosai lokacin da tasi ta sauke ta a ƙofar maƙabarta. Mai gadin ya taso zai hana ta shiga, ta ce masa, "Kabarin mai rai ake haƙawa a ciki." Ya matsa gefe, bakinsa a sake.

Can wajen katanga ta hango su. Makwabci na tsaye riƙe da hular Baba. Mai haƙa ya jingina da bishiya, don Baba ya karɓe shebur ɗin daga hannunsa. Tsohon na cikin ramin zuwa gwiwa, babbar rigarsa a naɗe a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa baya. Ramin ɗan ƙarami ne, gajere, gefunansa a gyare tsaf.

"Yana da rai!" ta ƙwalla tun daga nesa. "Yaron yana da rai!"

Makwabci ya saki hular. Mai haƙa ya yi salati. Baba kuwa bai ji komai ba, ya ci gaba da kwasar ƙasa, sai da inuwarta ta faɗo cikin ramin ya ɗago.

"Uwata, me ya kawo ki nan? Koma gida wajen Gwaggonki."

Ta durƙusa a bakin ramin, ta miƙa masa wayar da hoton. Ya goge hannu a riga, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallon jaririn da ke kwance ido rufe, an naɗe shi da farin zane.

"Allahu akbar. Ga shi kamar mai barci. Da goshin kakarku ya zo."

"Barcin yake, Baba! Barci!" Ta haɗa tafukanta ta kwantar da kai a kansu.

Ya gyaɗa kai a hankali. "Haka ne, uwata. Barci ne. Kowa zai yi shi."

Ta fizge wayar, garin sauri har ta buɗe wani abu daban, ta rufe, ta nemo bidiyon, ta kanga masa a fuska. Jaririn ya motsa. Ya buɗe baki, ya yi ja, yana dukan iska da hannu. Baba bai ji kukan ba, amma ya ga harshen yana rawa. Shebur ɗin ya sulale daga hannunsa. Ya kalli wayar, ya kalli 'yarsa, ya kalli ramin da yake tsaye a ciki, sai ya yi wuf ya fito kamar ƙasar ta ƙone shi. Mutumin da sai an kama shi yake tashi daga kujera.

"Yaushe aka ɗauki wannan?"

Ta nuna ƙasa da yatsa: yanzu. Ta tsuguna ta rubuta a kan ƙasar da ya tono, manya-manya: YANA DA RAI. AKWATI YA YANKE SAƘO.

Ya karanta. Ya zauna a kan tulin ƙasar, ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na girgiza. Da ya sauke hannun, sai mai haƙa ya matso yana sosa ƙeya, ya ce wa makwabci a bar ramin kawai, ai ba a rasa mai shiga. Baba ya karanci bakinsa ko ya karanci fuskarsa, oho.

"Ba za a bar shi ba," ya ce da ƙarfi. "Da sunan jikana na haƙa shi."

Ya ɗauki shebur ya fara mayar da ƙasa. Injiniya ta tura da hannuwanta, makwabci ya taya da ƙafa. Sai da wurin ya koma daidai Baba ya tattake shi, ya karɓi hularsa.

Washegari ta ɗauko akwatin daga kan kabad, inda ta tarar Baba ya kife shi ya rufe da tawul. A shago ta jona shi da kwamfuta, ta cire umarnin tsayawar, ta sake tura saƙon Auta. Wannan karon ya wuce har ƙarshe, amma a wurin ƙ sai ga wasu zane biyu a kwance, ɗaya bisa ɗaya, da fili a gabansu, sannan "iba". Ta gwada ɗ, wata karkatacciyar sanda ta fito. Tela, wanda ya shigo jin labari, ya leƙa ya ce, "To fa, yanzu kuma ya koma yaren aljanu?"

"Ba aljanu ba ne. Rubutun wata ƙasa ne, can inda aka tsara gilashin." Ta cire tabarau ta murza ido. "Ka ga, waya ba harafi take turowa ba, lamba take turowa. Harafi irin a ko k lamba ɗaya ce, kuma waya da gilashi sun yarda a kanta. Amma ƙ lamba biyu ce a haɗe. Gilashin bai san a haɗe suke ba, sai ya ɗauki kowace ya duba a nasa jerin, ya fito da abin da ya tarar."

"Wato kamar in auna mutum da inci, mai yanka ya yanka da santimita."

"Kusan haka. Sai dai kai riga za ka ɓata."

Ta san gilashin na da gurbi takwas da mutum zai iya zana nasa harafin, ɗigo-ɗigo. Da ba ta taɓa damuwa da su ba. Ta zauna da takarda mai gida-gida tana cike ɗigo da fensir, tana neman inda za ta matse ƙugiya a fili mai faɗin ɗigo biyar. Ƙ ta fi ba ta wahala, in ta lanƙwasa kan sosai sai ta koma kamar R. Ta yi ɓ, ɗ, ƙ, da y mai ƙugiya da wasu ke rubutawa, manya da ƙanana, suka cinye gurbin takwas cif. Ta koya wa na'urar ta gane lambobin nan idan sun zo a haɗe. Abin da ba ta sani ba kuma, ta sa alamar tambaya a wurinsa ta wuce, kada ta kuskura ta tsaya. A ƙarshen kowane saƙo ta sa tauraro, in babu tauraro magana ba ta ƙare ba.

Baba ya bar ta ta mayar da akwatin kan kabad, amma ya kafa sharaɗi a gaban kowa: haihuwa da mutuwa ba a ƙara turo masa su ta gilashi, mai labari ya tako da ƙafarsa. Ya daina nuna wa baƙi akwatin. Malama ta fi kowa daɗewa ba ta huce ba. Bayan an sallame su, in Injiniya ta zo sai ta amsa gaisuwa a taƙaice, ta sami dalilin shiga ɗaki da yaron. Injiniya ba ta yi ƙorafi ba, don ita kanta in ta rufe ido ramin nan take gani. Sai wata rana tana shago saƙo ya shigo wayarta daga Malama, an rubuta shi da kowace ƙugiya a wurinta, wai ta zo ta riƙe ɗanta, ita tana son ta yi wanka ta huta.

Labarin farko dai ya riga na biyu nisa. Bayan an yi suna, wata safiya Baba na zaune a falo da jikan a cinyarsa, sai aka yi sallama. Wani tsohon abokin aikinsa ne na masaƙa, ya taso daga gari mai nisa, ya sha hanya, ƙafafunsa duk sun kumbura. Ya shigo da fuskar jimami, ya durƙusa da ƙyar, ya ɗaga hannu ya fara addu'ar Allah ya jiƙan yaro. Yana tsaka da ita yaron ya yi atishawa. Baƙon ya buɗe ido, ya ga abin da ke cinyar abokinsa, hannuwansa suka tsaya a sama.

Baba, da bai ji ko kalma ɗaya ba, ya ɗauka addu'ar barka ce. Ya shafa, ya ce amin da ƙarfi, ya ɗora masa yaron a hannu. Gwaggo ta toshe baki da mayafi ta gudu kicin, ta bar Injiniya da yi wa tsohon bayani tun daga farko.